Dattijuwa Ta Daina Neman Turi

Litinin, 6 ga Mayu, 4:30 na yamma

Alhamdu lillahi. Yau Dattijuwa ta tashi ba turi.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba, don wata rana jikoki su san irin kakan da Allah Ya ba su. Dattijuwa motata ce. Shekara tara ke nan tana fama da ciwo guda: duk wutar da batir ya tara da rana, kafin gari ya waye ta shanye ta tas. Na canza batir sau uku. Na kai ta wurin masu wayarin har na gaji, kowa ya leƙa ya ce ya gano, washegari kuma sai turi. Daga ƙarshe na bar ta da halinta, tunda akwai gangara a bakin lungunmu, kuma akwai Mikail.

Mikail maƙwabcina ne a nan Ƙofar Na'isa, katanga ɗaya ta raba mu, tare muka yi makarantar allo, tare muka sha bulala. Zaren ɗinkin hula yake sayarwa a Ƙofar Wambai. Kullum bakwai da kwata zai fito da ƙunshin zarensa, ya jefa a kujerar baya, ya naɗe hannun riga, ya dafa bayan Dattijuwa. Taku goma sha biyu, ba ƙari ba ragi, sai in saki kuloci, ta yi tari ta kama. Ya shigo gaba yana haki yana zagin motar da wanda ya ƙera ta. In sauke shi a Wambai, ni kuma in wuce Koki, makarantar da nake koyar da kimiyya.

To jiya Bahijja, 'yar autata, ta shigo da wani ɗan kwali tana sunkuyar da kai, wai Abdulhakeem ne ya ce a ba ni. Shi ne yaron da zai aure ta ranar Asabar, 25 ga wata. Ashe ya taɓa wucewa da safe ya ga ana tura surukinsa a titi, abin ya tsaya masa a rai. Yaro mai hankali. Abin da ke ciki fawa-bank ce, irin ta cajin waya, amma ta tada mota. Ba ta fi tafin hannuna ba. Tana da wayoyi biyu masu baki irin na kada, ja da baƙi, da wasu fitilu huɗu 'yan mitsi-mitsi masu nuna caji.

Da safen nan na buɗe bonet a gaban jama'ar da ke tsaye wurin Tani mai ƙosai. Jan baki a kan fulos, wato kan batir mai alamar tarawa, baƙin a jikin ƙarfe. Koriyar fitila ta kawo. Na shiga na murɗa makulli sau ɗaya. Wallahi kamar sabuwa. Har wani ya yi kabbara. Na fito na yi musu ɗan bayani a kan batirin litiyam, yadda abu ƙarami ke riƙe wutar da ta fi ƙarfin ƙato, na kuma yi 'yar raha aka yi dariya. Mikail ma ya yi dariya, ina jin.

Bai shiga motar ba dai. Ya ce yana da uzuri a hanya.

Talata, 7 ga Mayu, 7:35 na safe

Tashi ɗaya. Fitila huɗu. Mikail ya riga ni fita.

Laraba, 8 ga Mayu, 3:00 na yamma

Na kai na'urar aji yau. 'Yan aji biyar sun zagaye ni kamar na zo da ɗan biri. Na ce musu wannan ita ce ranar da ɗan Adam ya daina dogaro da ƙarfin tuwo. Wata yarinya ta tambaya ko za ta iya tada kakanta da asuba, na ce ta zauna.

A hanya na rasa inda zan ajiye ta, don takardar ciki ta ce kada a bar ta a rana ko a cikin mota mai zafi. Sai na ɗora ta a kujerar gaba, a kan matashin da Mikail yake jingina bayansa. Ta zauna lafiya. Ba ta ce in rage gudu ba, ba ta ce na kusa taka mai baro ba, ba ta canza mini tashar rediyo ba. Na huta.

Hanyar Wambai ta yi tsawo yau. Cunkoso ne.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Mun haɗu a ƙofar masallaci, muna neman takalma. Ya ce, "Salamu alaikum, Malam Ilu." Na ce, "Wa alaikumus salam, Malam Mikail." Ya sa takalminsa ya tafi.

Malam Ilu! Shekara hamsin da wani abu mutumin nan yana kira na Na-Kwalba, saboda kwalaben gwaji da nake yawo da su tun ina ɗalibi. Yau na zama Malam Ilu. Na san abin da yake yi. Yau kwana uku cif, ya san Musulunci bai yarda a yi gaba ta wuce kwana uku ba, shi ne ya jefo mini sallama tsurarta don ya fita haƙƙi. Ni ma na mayar masa tsurarta. Idan karatu yake taƙama da shi, allo ɗaya muka wanke.

Ko a jikina. Fitila huɗu.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan sauko wa daga masallaci

Ina cin abinci Lauratu, matata, ta zauna a bakin tabarma tana gyaran zogale, irin zaman nan da na sani.

Ta ce, "Malam, me ka ce wa Baban Bahijja?"

Haka take kiran Mikail, don shi ya yi wa yarinyar huɗuba, shi ya zaɓa mata suna, shi ya kai ta makaranta ranar farko a wuyansa.

Na ce, "Ban ce masa komai ba."

Ta ce, "Tani ta ce ka ce."

Na ce, "Tani ƙosai take soyawa ko labarai take karantawa?"

Ta ce, "Duka biyun, kuma ba wanda ya taɓa mayar mata da ko ɗaya." Sannan ta tuna mini, wai ko na manta, cewa Mikail ne waliyyin Bahijja, shi zai ba da aurenta, an riga an buga sunansa a kati ɗari uku an raba. Kamar ni zan manta. Ni da bakina na je zaurensa na ce masa 'yarsa ce, ya yi yadda ya ga dama. Mutumin kirki ba ya zama a gaban liman ya ba da 'yar cikinsa da kansa yana da amini a raye, wannan ko yaro ya sani.

Na ce mata kafin ranar ya huce. Zafi ne ke damun kowa a garin nan.

Lahadi, 12 ga Mayu, 11:00 na safe

Aminat, matar Mikail, ta shigo wurin Lauratu. Wai a ba ta matashin maigidanta da butarsa da ke cikin mota. Na ba da makulli aka ɗauko. Matashin ya lotsa daidai bayansa, ba mai iya amfani da shi sai shi, dama.

Yanzu na'urar tana zamewa idan na taka birki. Na ɗaure ta da bel.

Litinin, 13 ga Mayu, 2:40 na rana

Na gan shi a hanya da safe, wajen Kwalli, ƙunshin zare a kafaɗa, yana jan ƙafar nan ta hagu da gwiwarta ke damunsa tun bara. Ko adaidaita bai hau ba, don taurin kai. Na tsaya na sauke gilashi, wanda shi ma sai an taimaka masa da hannu.

Na ce, "Shigo mana, rana ta yi."

Ya ce, "Salamu alaikum, Malam Ilu."

Na ce, "Wa alaikumus salam. Shigo."

Ya ce, "Na gode. Ƙafa ma mota ce, kuma ba a kai ta caji. A bai wa mai rabo."

Na bayana suka dame ni da hon, na ja na tafi. A madubi na gan shi ya sauke ƙunshin ya mayar ɗaya kafaɗar. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi wa 'yan aji huɗu gwajin da ban yi niyya ba. Mutum a ce ya shiga mota ya huta, ya ƙi, to me za a yi masa? Goya shi zan yi?

Ban ce komai ba fa. Raha ce.

Laraba, 15 ga Mayu, 5:15 na yamma

Na zama likitan unguwa. Jiya Nazeer mai adaidaita ya buga mini ƙofa tun ban karya ba, kekensa ya ƙi tashi, na je na haɗa masa, ya yi ta sa mini albarka kamar na ciro shi daga rijiya. Yau kuma wani Alhaji daga lungun baya, motar matarsa. Ko'ina na bi sai "Sannu Malam mai wuta." A gida kuwa, tun da aka ɗauke wuta shekaranjiya, Lauratu ta gano akwai ramin cajin waya a jikin na'urar. Na dawo na tarar da wayoyi biyar a layi a kan tabarmata, har da ta Aminat. Wato matar mutumin da ba ya shiga motata tana shan wutar na'urata. Na buɗe baki zan yi magana, Lauratu ta kalle ni, na rufe.

Da safe kuma na yi abin kunya. Ina cikin haɗawa sai na ji ƙarar ƙofar zauren Mikail, na waiga, ashe na sa ja a inda baƙi yake. Na'urar ta kama kuka, ƙi-ƙi-ƙi, jar fitila tana walƙiya. Allah Ya sa an yi ta da hankali, ba ta ba da wuta idan an juya. Tani ta ce, "Malam, yau kimiyyar ce ta tashi ta hagu?" Masu sayen ƙosai suka kwashe da dariya. Wannan dariyar ba ta yi mini daɗi kamar ta ranar Litinin ɗin farko ba.

Ba shi ba ne ma ya fito. Iska ce.

Alhamis, 16 ga Mayu, 7:30 na safe

Tashi ɗaya. Fitila uku. Ba wanda ya zagi motar.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan magariba

Baffan Abdulhakeem ya bugo waya, yana so ya zo ya gaisa da waliyyi kafin ranar, a tsara zama a masallaci. Na ce masa waliyyi ba ya jin daɗin ƙafa, ya bari sai mako mai zuwa. Ƙarya dai ban yi ba.

Na sa Lauratu ta aika ta wurin Aminat, a tambaya cikin hikima ko maganar ɗaurin aure tana nan. Amsa ta dawo kafin a kira sallah. Wai in ji shi, Bahijja 'yarsa ce har gobe, amma tunda Malam Ilu yanzu yana da na'urar da ke yin aikin mutane, ya duba cikin kwalin da kyau, wataƙila akwai wayar da ke ba da aure.

Lauratu ta faɗa mini wannan tana danne dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Saura kwana takwas. Idan ya ƙi zuwa, me zan ce wa dangin ango, da kati ɗari uku? Kuma ba katin ne ya fi damuna ba. Idan wani ne ya zauna a wurin nan ya ce ya bayar, ni kam a wurina kamar ba a ɗaura ba.

Ta ce, "Malam, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Na ce, "Ai ya fi ni tsawo."

Asabar, 18 ga Mayu, 10:20 na safe

To. Zan rubuta, tunda ba mai karanta littafin nan sai ni.

Ranar da na fara tada Dattijuwa da na'urar, Mikail ya riga ya naɗe hannun riga ya dafa bayanta, kamar kullum. Da ta tashi, jama'a suna kallo, sai daɗi ya ɗebe ni na ce, "Mikail, sauke hannun rigarka, daga yau an sallami jaki. Shiga kawai ka zauna, sadaka ce."

Shi ke nan abin da na ce. Magana zarar bunu. Jiya na kwana ina juya ta, na ga lallai kalmar jaki ta yi nauyi a gaban mutane, ga dattijo mai jikoki, duk da shi yana ce mini abin da ya fi haka a cikin mota. Zan je in ba shi haƙuri a kan jakin. Na rubuta abin da zan faɗa a bayan takardar jarrabawa, na soke sau uku.

Asabar ɗin dai, 12:05 na rana

Na je. Yana zaune a zaure yana warware zare, ƙafar hagu a miƙe an shafa mata man zafi, ƙamshinsa har ƙofa. Na yi sallama ya amsa. Ban zauna ba, shi ma bai ce in zauna ba.

Na ce, "Na zo ne a kan kalmar nan ta jaki. Ban kyauta ba. Ka yafe."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Jaki? Ai jaki ma'aikaci ne, Malam Ilu. Da guminsa yake cin dusarsa. Wa ya ce maka na ji haushin jaki?"

Na ce, "To mene ne?"

Ya ce, "Kai ne malamin kimiyya." Ya ci gaba da zarensa.

Na fito kaina ya ɗaure. Na ba da haƙuri, an ce ba wurin ba ne. Mutum ya kai wuya ya durƙusa, a ce masa ya durƙusa a gurbin da ba daidai ba!

Lahadi, 19 ga Mayu, 8:45 na safe

Na je sayen ƙosai da kaina, abin da ban yi ba shekara da shekaru. Na jira mutane suka ragu. Ban tambayi Tani komai ba, na dai ce mata zafin bana yana sa mutane fushi ba dalili.

Ta ce, "Malam Ilu, kai da karatunka? Shekara tara Malam Mikail yana shiga motarka, ka taɓa jin ya ce maka na gode?"

Na yi tunani. Ban taɓa ji ba. Sai dai zagi.

Ta ce, "To don me zai gode? Shi ya tada ta. Ba don shi ba kai ma da ƙafa za ka je Koki. Da guminsa yake zama a kujerar nan, shi ya sa yake canza maka tasha. Mutumin da ko ƙosai ɗaya na gyara ba ya karɓa a wurina, kai ka tsaya a gaban jama'a ka ce masa sadaka ce?" Ta tsame ƙosai ta zuba mini. "Ka raba shi da aikinsa, sannan ka miƙa masa kyauta. Yaji fa, in sa?"

Na ce ta sa. Na dawo gida ban ci ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Shekara tara ina ɗauka ni nake rage masa hanya.

Na fito da na'urar na ajiye a gabana ina kallo. Ba ta yi laifin komai ba, baiwar Allah. Kuma kyautar suruki ce, ba a mayar da ita, ba a kuma jefar da ita.

Litinin, 20 ga Mayu, 3:30 na yamma

Na yanke shawara. Haƙuri da baki ba zai yi ba, don idan na ce masa ya dawo ya hau, wata sadakar ce. Sai dai Dattijuwa ta koma neman turi. Wato dole na'urar ta mutu.

Jiya da yamma na ba Lauratu ita, na ce a yi wa duk matan lungu cajin waya, har da masu tocila, kada a raga. Ta dube ni ta ce ko lafiya. Kafin isha'i saura fitila ɗaya tana kyaftawa. Na kwanta da farin ciki.

Da safe na tarar da ita a kan teburina, fitila huɗu reras, an ma goge ta da tsumma. Ashe an kawo wuta da asuba, Bahijja ta gan ta za ta mutu, ta jona mini. Ta ce, "Baba, na ga ka manta." Na ce Allah Ya yi mata albarka. Me zan ce?

Talata, 21 ga Mayu, 3:10 na yamma

Yau na bar na'urar a gida, a ƙarƙashin matashi. Bakwai da minti goma na fita na buɗe bonet, na tsaya na rafka tagumi yadda duk wanda ya fito daga zauren Mikail zai gan ni. Na murɗa makulli sau biyu don a ji tana ƙyat-ƙyat.

Sai ga Nazeer mai adaidaita. "Subhanallahi, Malam, yau kai ne? Ina na'urar?" Na ce ba ta jin daɗi, ya je abinsa, ina jiran wani. Ina! Wai shi ba butulu ba ne. Kafin in rufe baki ya kira ƙarti uku daga wurin Tani, suka cusa ni a mota kamar buhu, suka kwashe ta da gudu. Ban ma saki kuloci da niyya ba, ƙafata ce ta zame. Ta tashi. Suna ta ɗaga mini hannu suna murna, ni kuwa a madubi ina ganin Mikail ya fito da ƙunshinsa, ya tsaya yana kallon wasu suna tura motarsa.

Motarsa na rubuta. Bari in bar shi haka.

Ban taɓa jin haushin mutanen kirki irin na yau ba. Saura kwana huɗu.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan la'asar

"Salamu alaikum, Malam Ilu." "Wa alaikumus salam." Yau da sanda ya zo masallaci.

Na biya wurin Tani na roƙe ta, gobe duk wanda ya taso zai taimake ni ta riƙe shi, ko da ƙosai ne. Ta ce wannan aikin ta iya.

Alhamis, 23 ga Mayu, 4:50 na yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau 'yan aji shida ke fara jarrabawa ƙarfe takwas, ni ke da makullin ɗakin takardu. Na tsaya a tsakar gida ina tunani: idan Mikail ya wuce bai kula ni ba fa, ga Tani ta tsare kowa? Tsoro ya ci ni. Na ɗauki na'urar na zura a aljihun gaban riga, wayoyin kuma a aljihun wando, don ko ta kwana. Farar shadda ce a jikina. Abin da ban sani ba, garin zurawa na danne maɓallin tocilar da ke jikinta.

Na buɗe bonet na tsaya. Nazeer ya taso, na ji Tani ta ce, "Zo nan, ɗanɗana mini wannan ƙullun." Bakwai da kwata ƙofar zaure ta yi ƙara. Ya fito, sanda a hannu, ƙunshi a kafaɗa.

"Salamu alaikum, Malam Ilu."

Na amsa, na ce, "Ta ƙi tashi. Na'urar ta mutu."

Ya tsaya. Bai dubi motar ba, ƙirjina yake kallo. Na sunkuya na duba. Aljihuna yana haske kamar an kunna fitila a cikin gidan sauro. Wurin Tani ya yi tsit, sai ƙarar mai a kasko.

Na rasa ƙaryar da zan ɗora a kan wannan. Sai na ce, "Mikail, ban iya zuwa Koki ni kaɗai ba. Na gwada, sati biyu. Don Allah tura ni."

Sannan ya buɗe ƙofar baya ya jefa ƙunshin, ya jingina sandar, ya fara naɗe hannun riga. Ya ce, "Kashe fitilar aljihunka, Na-Kwalba, tana kashe mini ido. Saka giya ta biyu."

Na shiga, idona ya cika, na ce hayaƙin Tani ne, ko da yake ba wanda ya tambaye ni. Ya dafa. Na ƙirga takunsa kamar kullum. Ɗaya, biyu, uku. Amma tafiyar sati biyu ta cinye gwiwar nan. Motar tana tafiya kamar ana jan ta da zare. A taku na goma sha biyu na saki kuloci, ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Gangara ta ƙare. Muka tsaya a bakin titi, ni a ciki, shi a baya ya kifa kai a kan but yana haki. Na ji tsoro sosai, na fito da gudu na riƙe shi.

Ya ture hannuna. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Miƙo abin."

Na miƙa masa, da wayoyin. Ya ɗingisa zuwa gaba ya buɗe bonet. Na fara cewa, "Jan shi ne a kan..." Ya ce, "Rufe mini baki. Ja a fulos, baƙi a ƙarfe, a jira koriya. Sati biyu ina leƙenka ta ƙofar zaure kana yi kamar mai kama kunama. Har juya su ka yi ranar Laraba. Shiga ka murɗa."

Ashe ba iska ba ce.

Na murɗa, ta tashi. Ya cire baƙin, ya cire jan, ya naɗe wayoyin tsaf yadda yake naɗe zare, ya rufe bonet. Na miƙa hannu in karɓa. Ya zura ta a aljihunsa. Ya ce, "Wannan aikin mutum biyu ne, wani ya haɗa, wani ya murɗa. Kai ba ka da natsuwar riƙe ta. Akwai sola a shagon maƙwabcina, can za ta riƙa shan caji." Ya buɗe gaba ya zauna, ya ce kujerar ta lalace ba matashi, ya canza tasha, ya ce na kusa taka mai baro tun ban motsa ba.

Na makara minti ashirin. Hedimasta ya yi faɗa, na ba shi haƙuri ina murmushi, har ya tambaya ko lafiyata ƙalau.

Asabar, 25 ga Mayu, 1:30 na rana

An ɗaura. Ina can baya a jikin ginshiƙi na ji muryar Mikail, da liman ya tambaya, ya ce, "Na ba shi 'yata Bahijja." Muryar ta ɗan karye a wurin sunan. Ni dai ina ta duba silin ɗin masallaci, akwai wata fanka da ba ta juyawa daidai.

Da aka fito Abdulhakeem ya durƙusa ya gaishe mu, ya tambaya a hankali ko na'urar tana aiki. Mikail ya ce, "Tana aiki, yaro, tunda ta samu mai iya ta."

Litinin, 27 ga Mayu, 7:25 na safe

Ina zaune a mota, bonet a buɗe, ina rubutu a kan sitiyari. Ya makara minti goma. Nazeer ya leƙo ya ce ko a tura ni, na ce ya yi gaba. Na'urar tana aljihun Mikail, ba inda zan je sai ya fito.

Ga ƙarar ƙofar zaure nan. Da matashinsa a hammata, tun daga can yake zagin motar.